Hannu takwas, aiki ɗaya: Yadda manhajoji ke raba aiki a cikin waya da kwamfuta

A kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano, ko a Banex da ke Abuja, da wuya a kammala cinikin sabuwar waya ba tare da mai shago ya jero wa mai saye abubuwan da ke cikinta ba: girman ma'adana, kyan kyamara, ƙarfin batir, sannan ya rufe da cewa furosesarta mai ƙwaya takwas ce. Mai saye ya biya ya tafi, da yaƙinin cewa ya yi bankwana da jinkiri. Bayan 'yan makonni, yana tsakiyar tura wa abokin ciniki kuɗi, sai manhajar ta tsaya cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya, har wayar ta fito da saƙon cewa manhajar ta daina amsawa.

Irin haka na faruwa a ofisoshin gwamnati. A sayo sababbin kwamfutoci masu tsada, a ɗora musu tsohuwar manhajar lissafin albashi, sai a tarar aikin da ke cin awa biyu a da, yanzu ma kusan awa biyun yake ci. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, ƙwaya ɗaya ce ke ta fama da aikin, sauran kuwa suna zaune babu wanda ya ba su abin yi, domin ba a rubuta manhajar ta yadda za ta raba musu ba.

Raba aiki tsakanin ƙwayoyin furosesa fanni ne mai zaman kansa a ilimin rubuta manhaja, kuma yana daga cikin mafiya wahala. Shi ya sa manyan kamfanonin fasaha suka shafe shekaru suna gina kayan aikin da za su sauƙaƙa shi. Fahimtar yadda abin yake tafiya na da amfani ga ɗan kasuwar da kuɗinsa ke bi ta cikin manhajoji kullum, da kuma ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayo wa ma'aikatarsa manhaja.

Yadda aka zo nan

Furosesa ita ce ɓangaren da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta ko waya. Tun daga shekarun 1970 har zuwa farkon shekarun 2000, ƙwaya ɗaya ce ke cikin furosesar kwamfutocin gida da na ofis, kuma saurinta na ƙaruwa kusan kowace shekara. Wannan ya yi daidai da hasashen da Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya yi a 1965, cewa yawan ƙananan sassan lantarki da ake iya cusawa a cikin guntun siliki ɗaya zai riƙa ninkawa a kai a kai. A wancan zamani, mai rubuta manhaja bai da wata damuwa. In manhajarsa na jan ƙafa bana, kwamfutar baɗi za ta gyara masa.

Zafi ne ya kawo ƙarshen wannan garaɓasa. Duk lokacin da aka ƙara saurin bugun furosesa, wutar da take sha da zafin da take fitarwa su ma suna hauhawa, har aka kai matsayin da sanyaya ta ya zama jan aiki. A 2004, Intel ya soke shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, ya tsaya a 3.8. A shekarar 2005, Intel da abokin hamayyarsa AMD duk suka shigo kasuwa da furosesoshin kwamfutar tebur masu ƙwaya biyu. Wayoyin hannu sun bi sahu a 2011. Dabarar ta sauya ke nan: tunda ba za a iya ƙara wa ma'aikaci ɗaya gudu ba, sai a ƙaro ma'aikata.

A shekarar 2005 ɗin, wani ƙwararre a harshen rubuta manhaja na C++ mai suna Herb Sutter ya wallafa wata maƙala da ta yi tashe, inda ya gargaɗi abokan sana'arsa cewa zamanin cin bulus ya wuce. Daga yanzu, duk manhajar da ke son cin moriyar sababbin na'urori, dole a rubuta ta yadda za ta iya yin abubuwa da dama a lokaci guda.

Mene ne zare?

Idan manhaja ta fara aiki, umarnin da ke cikinta na gudana ne ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake bin layin lissafi a littafin shago daga sama zuwa ƙasa. Wannan jerin umarni da ke tafiya a tsare shi masana ke kira zare. Manhaja na iya zama mai zare ɗaya, tana kuma iya buɗe zarurruka da yawa, kowanne yana bin nasa layin. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato irin su Windows da Android da Linux, ita ke raba zarurrukan ga ƙwayoyin da ke akwai.

Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa a nan. Na farko shi ne jujjuya ayyuka. Mai shayi shi kaɗai ne a teburinsa, amma yakan ɗora ruwa a wuta, ya fasa ƙwai, ya yanka burodi, ya karɓi kuɗin wani, ba tare da ya tsaya yana kallon butar har ta tafasa ba. Hannunsa biyu ne kacal, amma ayyuka huɗu na tafiya. Na biyu shi ne raba aiki na haƙiƙa, kamar a sauke tirelar shinkafa da 'yan dako takwas maimakon mutum ɗaya. Na farkon yana hana zaman jira, na biyun kuma yana rage tsawon aiki mai nauyi. Manhaja mai kyau na buƙatar duka biyun.

Abin da ya sa zarurruka ke da sauri shi ne kuma tushen haɗarinsu: duk zarurrukan manhaja ɗaya suna amfani da ma'adanar wucin gadi guda. Kamar yaran shago takwas ne da ke rubutu a littafin ciniki ɗaya. Babu ɓata lokacin aika saƙo tsakaninsu, amma babu abin da zai hana wani ya rubuta a kan abin da ɗan'uwansa bai gama rubutawa ba.

Abin da .NET ya kawo

Masu rubuta manhaja ba sa fara komai daga tushe. Suna dogara ne da wani shiryayyen tsari mai ɗauke da dubban kayan aiki da aka riga aka gina aka kuma gwada, kamar yadda magini ke sayen bulo da rodi maimakon ya ƙera su da kansa. Ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan tsare-tsare shi ne .NET na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2002 tare da harshen C#, kuma ake gina manhajojin ofis da na kamfanoni da shi a faɗin duniya.

Tun fitowarsa ta farko, .NET ya ba da damar buɗe zare. Sai dai mai rubutun ne zai yi komai da hannunsa: ya yanke shawarar zare nawa zai buɗe, ya raba musu aikin, ya jira su gama, ya tattara sakamakon, ya kuma san abin yi idan ɗaya ya faɗi a hanya. Ga shi kuma buɗe zare ba kyauta ba ne. A Windows, kowane zare akan ware masa wajen megabayit ɗaya na ma'adana, kuma idan zarurrukan sun fi ƙwayoyin yawa sosai, na'urar kan ɓata lokaci wajen sauke wannan ta ɗora wancan. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Domin rage wannan asara, tsarin na da abin da za a iya kira matattarar zarurruka. Misalinta 'yan dako ne da ke zaune a bakin kasuwa suna jiran kaya. Ba sai an je an ɗauko sabon mutum duk lokacin da buhu ya iso ba. Wanda ke sarari ya tashi ya ɗauka, in ya dawo ya jira na gaba.

Babban sauyin ya zo ne a watan Afrilun 2010, da fitowar .NET Framework 4.0, wanda ya ƙunshi wani rukunin kayan aiki mai suna Task Parallel Library. Hikimarsa ita ce mai rubutu ya daina tunanin ma'aikata, ya koma tunanin ayyuka. Shi dai ya fayyace cewa ga aiki, ga wani aikin, wannan ba zai fara ba sai wancan ya ƙare. Tsarin ne zai duba yawan ƙwayoyin na'urar ya raba. Manhajar da aka rubuta ta haka za ta yi amfani da ƙwaya biyu a tsohuwar kwamfuta, ta yi amfani da goma sha shida a sabuwa, ba tare da an sake rubuta ta ba.

A ƙarƙashin wannan akwai wata dabara da ake kira satar aiki. Kowane zare na da nasa layin ayyuka. Wanda ya riga gama nasa ba ya naɗe hannu; sai ya leƙa layin wanda kaya suka yi wa yawa, ya zari ɗaya daga ɗaya ƙarshen layin. Ta haka ba a barin ƙwaya ɗaya na gumi sauran na hamma.

Fitowar ta 2010 ta zo da wasu kayan. Akwai umarnin Parallel.For, wanda ke ɗaukar aikin da ake maimaitawa sau dubbai ya watsa shi ga ƙwayoyi. Akwai PLINQ, mai tace manyan jerin bayanai a lokaci guda, ko da yake ba ya kiyaye jerin da bayanan suka shigo da shi sai an umarce shi. Akwai ma'adanai na musamman irin su ConcurrentDictionary, waɗanda zarurruka da yawa ke iya rubutu a cikinsu ba tare da sun ɓata wa juna ba. Akwai kuma tsararriyar hanyar dakatar da aikin da aka fara, wadda ke sa maɓallin sokewa ya yi aiki da gaske.

Shekaru biyu bayan haka, a 2012, harshen C# ya sami kalmomi biyu, async da await, waɗanda suka magance matsalar zaman jira. Yawancin lokacin da manhaja ke ɓatawa ba a lissafi take ɓata shi ba. Jiran amsa take yi daga intanet ko daga rumbun bayanai. Da waɗannan kalmomi, zaren da ya aika tambaya ba ya tsayawa. Sai ya koma ya kama wani aikin, idan amsar ta iso a ci gaba daga inda aka tsaya. Dabarar mai shayi ke nan. Da ita ce babbar kwamfuta guda ke iya kula da dubban masu buƙata da zarurruka kaɗan. Daga baya harsuna irin su Python da JavaScript da Swift sun ɗauki wannan salo. A 2016 kuma Microsoft ya fitar da .NET Core, wanda kowa ke iya duba yadda aka rubuta shi, kuma yake aiki a kan Linux.

Sauran ma ba a bar su a baya ba

Harshen Java, wanda ya daɗe yana riƙe da manyan manhajojin bankuna da kamfanoni, ya zo da zarurruka tun fitowarsa ta farko a 1996. Ya sami cikakken rukunin kayan raba aiki a 2004, ya ƙara da tsarin satar aiki a 2011, sannan a Satumban 2023, da fitowar Java 21, ya kawo wasu zarurruka marasa nauyi da ake iya buɗe dubban ɗaruruwansu a lokaci guda. Harshen Go, wanda Google ya gabatar a 2009, tun asali da wannan manufa aka gina shi.

Python kuwa, duk da farin jininsa, ya daɗe da wani babban makulli da ke hana zarurruka biyu aiwatar da umarninsa a lokaci ɗaya. Sai a Oktoban 2024, a Python 3.13, aka fitar da wani nau'i na gwaji wanda babu wannan makullin. Tsawon lokacin da abin ya ɗauka ya isa nuna girman wahalarsa.

A waya, lamarin ya fi fitowa fili. A Android, zare guda ne ke da alhakin zana abin da ke kan allo da amsa taɓawar yatsa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa na ba wannan zare ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ya gama kowane zane. Idan mai rubuta manhaja ya ɗora masa aiki mai nauyi, allon zai fara sarƙewa. Idan aka taɓa allon ya kai daƙiƙa biyar bai amsa ba, Android zai fito da saƙon nan na tambayar ko a jira ko a rufe manhajar. Tun 2011 ma Android ya haramta wa sababbin manhajoji yin hulɗa da intanet a kan wannan zaren. Saboda haka manhajar da ta daskare a waya mai ƙwaya takwas, sau da yawa ƙwaya ɗaya ce aka toshe.

Iyakar da ba a tsallakewa

Ko an raba aiki daidai, ƙwaya takwas ba ta nufin ninki takwas na sauri. Wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, Gene Amdahl, ya bayyana dalili tun 1967. A kowane aiki akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, kuma wannan ɓangaren ne ke kafa iyaka.

A ɗauka lissafin albashin wata ma'aikata na cin minti 100 a ƙwaya ɗaya. Minti 90 na lissafin kowane ma'aikaci ne, wanda ake iya rabawa, domin albashin wani bai dogara da na wani ba. Minti 10 kuma na ɗauko bayanai ne da haɗa rahoton ƙarshe, wanda dole a yi shi a jere. Da ƙwaya takwas, minti 90 ɗin za su koma 11 da kwata, amma goman na nan daram. Jimilla minti 21 da kwata, wato saurin bai kai ninki biyar ba. Ko da za a kawo ƙwaya dubu, aikin ba zai taɓa sauka ƙasa da minti 10 ba. Ko 'yan dako nawa aka tara, in ƙofar sito ɗaya ce mai cin mutum ɗaya, ƙofar ce za ta yanke yawan buhunan da za su shiga.

Rige-rige: inda kuɗi ke salwanta

Jinkiri abin haushi ne, amma akwai abin da ya fi shi muni, wato amsa mai sauri wadda ba daidai ba. Mafi shaharar irin wannan kuskure shi ne rige-rige, inda sakamakon aiki ke dogara da wane zare ya riga wani isa.

A misali, asusu na da Naira 50,000. Mai asusun ya sa katinsa a na'urar POS zai cire 40,000, a daidai lokacin da wani umarnin biyan 40,000 da ya bayar tun da farko ya iso. Zare na farko ya duba ya ga 50,000, ya ce kuɗi sun isa. Kafin ya rubuta sabon adadi, zare na biyu shi ma ya duba ya ga 50,000, ya amince. Kowannensu ya rubuta cewa saura 10,000. An fitar da 80,000 daga asusun da ke da 50,000, kuma littafi na nuna komai lafiya. Idan aka juya misalin ya zama kuɗi biyu ne ke shigowa, ɗaya zai iya ɓacewa, a bar ɗan kasuwa da rasit a hannu babu kuɗi a asusu.

Ko ƙara ɗaya a kan lamba, wanda ake gani kamar abu guda ne, matakai uku ne a wurin furosesa: ta karanto, ta ƙara, ta mayar. Wani zare na iya kutsowa tsakanin kowane biyu. Shi ya sa a misalin albashin nan, lissafin kowane ma'aikaci ba shi da haɗari, amma tara jimillar kuɗin a wuri ɗaya na da shi. Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce kowane zare ya tara nasa jimillar daban, a haɗa su a ƙarshe.

Maganin gama-gari shi ne makulli: zaren da zai taɓa asusu ya kulle shi, ya gama, ya buɗe, sauran su jira. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ya aza harsashin wannan fanni a shekarun 1960. Tsarin .NET na da irin waɗannan makullai iri-iri. Amma makullin cikin manhaja na aiki ne a kwamfuta ɗaya kawai. Manyan cibiyoyi na tafiyar da manhaja ɗaya a kan kwamfutoci da yawa, don haka kariyar ta haƙiƙa dole ta kasance a rumbun bayanai, inda ake ɗaure matakan ciniki su zama dunƙule guda: ko duka su tabbata, ko duka su warware.

Makulli ma na da nasa sharrin. Idan Alhaji na tura wa Hajiya kuɗi a daidai lokacin da ita ma take tura masa, zare na farko zai kulle asusun Alhaji ya nemi na Hajiya, na biyu ya kulle na Hajiya ya nemi na Alhaji. An shiga kiki-kaka, kamar motoci biyu da suka yi gaba da gaba a ƙuntataccen lungu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya. Maganin da aka saba shi ne a kafa doka cewa kullum asusu mai ƙaramar lamba za a fara kullewa.

Abin da ya sa waɗannan kurakurai ke da wuyar kamawa shi ne ba sa bayyana kullum. Manhaja na iya wuce gwaji sau dubu a ofishin wanda ya rubuta ta, sai ranar da jama'a suka yi mata rubdugu, kamar ƙarshen wata ko jajibirin sallah, sannan ta nuna halinta.

Darussan da aka koya da tsada

Tarihi ya adana misalan da suka wuce batun kuɗi. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada, ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida haske mai ƙarfin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa a asibitocin Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka rasu. Bincike ya gano cewa ɗaya daga cikin musabbaban shi ne rige-rige: idan ma'aikacin ya gyara bayanan da ya shigar da sauri sosai, wani ɓangaren manhajar ba ya lura da gyaran. Sai ƙwararren ma'aikaci mai saurin hannu ne ke faɗawa tarkon.

A watan Yulin 1997, na'urar Mars Pathfinder da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Wani ƙaramin aiki ne ke riƙe makullin da babban aiki ke buƙata, ayyuka matsakaita kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki. Injiniyoyi sun gano matsalar a kan irin na'urar da ke hannunsu, suka aika gyaran daga doron ƙasa.

Ranar 14 ga Agustan 2003 kuma, wutar lantarki ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Layukan wuta da suka taɓa bishiyoyi a jihar Ohayo ne suka fara jawo matsalar, amma wani kuskuren rige-rige ya sa manhajar gargaɗi ta ɗakin sa ido ta yi shiru fiye da awa guda, ma'aikata ba su san abin da ke faruwa ba har lamarin ya fi ƙarfinsu.

Abin da mai saye ya kamata ya duba

Ga mai sayen waya, adadin ƙwayoyi kaɗai ba ya ba da cikakken labari. Tun 2011 kamfanin ARM ya gabatar da tsarin haɗa manyan ƙwayoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin batir a furosesa ɗaya. Wayoyi masu matsakaicin farashi da dama na da manya biyu da ƙanana shida, wasu masu araha kuwa duka takwas ɗin ƙanana ne. Tunda zare ɗaya ne ke kula da allo, ƙarfin babbar ƙwaya da girman ma'adanar wucin gadi sun fi yawan ƙwayoyi tasiri a amfanin yau da kullum. Sanin sunan furosesar da bincika ta kafin biya ya fi dogaro da abin da aka rubuta a kwali. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga mai tura kuɗi, idan manhaja ta tsaya bayan an danna maɓallin turawa, hakan ba ya nufin umarnin bai tafi ba. Wataƙila allon ne ya daskare alhali saƙon ya riga ya isa. Duba ragowar kuɗi da tarihin ciniki kafin a sake dannawa na iya hana biya sau biyu.

Ga ma'aikacin ofis, a Windows akwai Task Manager, wanda ke iya nuna aikin kowace ƙwaya daban. Idan ɗaya ta cika maƙil sauran na kwance, sayo kwamfuta mai ƙarin ƙwayoyi ba zai kawo sauyi ba; manhajar ce ke buƙatar gyara. Idan kuma duk suna kwance amma aikin na jan ƙafa, to ana jiran intanet ne ko ma'adana. Manhajar Excel, alal misali, tun fitowar 2007 take raba lissafinta ga ƙwayoyi, amma wasu ƙananan umarnin da ma'aikata ke ƙarawa da kansu na komawa zare ɗaya.

Nauyin ya fi yawa a kan jami'an da ke bayar da kwangilar manhaja, ko ta albashi, ko ta tara haraji, ko ta ɗaukar ma'aikata. Nunin da ɗan kwangila zai yi a ɗakin taro da mutum ɗaya a gaban kwamfuta ba ya tabbatar da komai game da ranar da dubban mutane za su shigo tare. Ya dace a rubuta a cikin yarjejeniya adadin mutanen da manhajar za ta ɗauka a lokaci guda, a kuma nemi rahoton gwajin da aka yi da wannan adadi. Ya dace a tambayi abin da zai faru idan jami'ai biyu suka gyara bayanin mutum ɗaya a tare, da abin da zai faru idan umarnin biya ɗaya ya iso sau biyu, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ciniki. Sannan a tambayi wane nau'in tsari aka yi amfani da shi, da ranar da masu shi za su daina kula da shi. A .NET na yanzu, sabon nau'i na fitowa duk watan Nuwamba, kuma masu lamba cifcif, irin su .NET 8 na 2023, su ake ba kulawar shekara uku.

Kayan aikin da Microsoft da sauran kamfanoni suka gina sun sauke wa masu rubuta manhaja kaya mai nauyi: su ke ƙirga ƙwayoyi, su raba ayyuka, su tattara sakamako. Abin da ba su iya yi shi ne sanin wane bayani ne bai kamata hannu biyu su taɓa shi a lokaci ɗaya ba. Wannan hukunci har yanzu na ɗan Adam ne, kuma wanda ya biya kuɗin manhajar na da haƙƙin neman hujjar cewa an yanke shi daidai kafin a ɗora mata albashin ma'aikata ko jarin 'yan kasuwa.